Gangar da Ba a Kaɗawa

A Gaia, inda kogin Douro ke jan jiki zuwa teku,
mahaifina, Firmino Carrazeda, ganga yake ƙerawa.
Ba ta kiɗa ba. Ta katako ce da zoben ƙarfe,
a ɗura mata giyar inabi, a toshe bakinta,
a mirgina ta cikin jirgi
zuwa teburin waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba.

Yana ɗan shekara tara ya fara share dusar katako.
A sha huɗu gizago ya tafi da kan yatsansa,
mai gida ya zaftare ladan rabin yini,
wai lokacin da jinin ya ci kafin ya tsaya.
Ba da fushi yake ba da labarin ba,
a hankali, kamar mai ƙirga canji ya tarar bai cika ba.

Karatu sai da furfura ta leƙo.
Ni na koya masa, da alli, a gindin tsohuwar ganga,
yana danne harafi kamar zai tsere masa.
Da ya iya, fitilarmu ta daina hutawa.
Jaridar ma'aikata da ta ratsa hannu goma
yake bi da guntun yatsan nan, layi bayan layi,
har unguwa ta sa masa suna ɗan gurguzu.
Ya ce, in dai shi ne mai noma ya ci, na amsa.

Ranar Asabar, a ɗakin bayan mai gasa kifi,
yakan ɗaga katako ɗaya sama:
Wa zai ɗebo min ruwa da wannan?
A yi dariya. Sai ya jera talatin, ya zura zobe.
Innata Deolinda tana bakin ƙofa da kwandon wanki,
ta ce, na gani, Firmino,
amma zoben ai shi guduma ke duka.

Haka kuwa aka yi.
Suka buɗe asusu a gwangwanin shayi,
kwabo-kwabo, don likkafani da marayu,
daga baya don yajin aiki.
Mako bakwai babu amon guduma a bakin kogi.
Keken ɗinkin Inna ya tafi jingina, bai dawo ba.
Muka sha romon kabeji har ƙanena ya daina tambayar nama.
A mako na takwas 'yan sanda suka zo da asuba,
ya roƙe su ya ɗaura takalmi, suka ƙi.

Wata biyar. Ya fito da tari da haƙora biyu a aljihu.
An rage wa ma'aikata awa ɗaya a yini,
shi kuwa babu shagon da ya sake buɗe masa ƙofa.
Ya koma gyaran bokitin mata masu tallan kifi.
Samarin ƙungiya suka ce tsohon ya cika sanyi,
ya zauna a bencin baya yana jin su,
ranar biyan kwabo shi ne na farko.

Ban ce waliyyi ba ne.
Ya manta ranar aurena saboda taro,
Inna ta mutu ba ta yafe masa keken ba.

Da ya rasu, abokan sana'a suka haɗa akwatinsa da dare
daga ragowar katakon da mai gida bai ƙirga ba.
Hannunsu bai saba miƙaƙƙen layi ba,
sai ya fito da ɗan ciki a tsakiya.
Muka yi kuka, muka yi dariya, muka ɗauka.

Yanzu ƙarfe shida ake tashi daga aiki.
Jikokina na tsammanin haka rana take tun asali.
In na bi ta bakin kogi nakan ƙwanƙwasa ganga da zobena,
in tsaya kaɗan, in ji.